Injin lantarki a ƙaramar taya: a auna kafin a ɗaura

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, keke ya dawo da martabarsa. Ma'aikata da 'yan makaranta sun kakkaɓe tsoffin kekunansu, wasu kuma sun fara cigiyar injin lantarkin nan da ake sakawa a cibiyar taya, wanda yake tura keke ko ba a taka feda ba. Fasahar ba sabuwa ba ce. Tun a 1895 wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton ya yi rajistar keke mai batir da inji a cibiyar tayar baya. Abin da ya sauya shi ne zuwan batirin lithiyam, da kuma masana'antun ƙasar Sin irin su Bafang da ke Suzhou, waɗanda suka sa kayan suka yawaita.

Yawancin injunan da ake sayarwa sukan zo ne a ɗaure cikin taya mai inci 26 ko 28, wato girman kekunan da muka saba da su irin su Raleigh da Phoenix. To, mai ƙaramin keke fa, irin mai naɗewa ko BMX, wanda tayarsa inci 20 ce ko 16? Zai iya ɗaura injin, har ma ya ci wata riba da mai babbar taya ba zai samu ba. Sai dai akwai abin da zai rasa, akwai kuma wurin da ganganci zai iya kai shi asibiti.

Inji bai san girman tayar da aka saka shi a ciki ba. Abin da ya sani kawai shi ne sau nawa zai juya a minti guda. A ɗauki injin da yake juyi 200 a minti da batir mai volt 36. Taya mai inci 26 tana cin kusan mita 2.07 a kowane juyi, don haka keken zai yi gudun kusan kilomita 25 a awa. A cire injin nan a mai da shi cikin taya mai inci 20, wadda take cin mita 1.57 a juyi, gudun zai sauka zuwa kusan kilomita 19. A taya mai inci 16 kuwa kusan 15 ne kawai. Mutane da yawa a nan suke zargin an sayar musu da jabu, alhali injin lafiyarsa ƙalau.

Gudun da aka rasa bai tafi a banza ba, ƙarfin turi ya koma. Tazarar da ke tsakanin cibiyar taya da ƙasa ta ragu, saboda haka murɗawar injin tana isa ƙasa da ƙarin ƙarfi, kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka sauko daga inci 26 zuwa 20. Kamar direban tirela ne da ya sauko ƙaramar giya a Hawan Kibo: ba ya sauri, amma yana hawa da kayansa. Akwai kuma maganar zafi, wadda a ƙasarmu ba ƙarama ba ce. Injin lantarki yana ɓarnar wuta ne idan aka danne shi yana juyawa a hankali da kaya mai nauyi, wutar sai ta koma zafi a cikin wayoyinsa. A ƙaramar taya yana samun damar juyawa kusa da saurin da aka ƙera shi a kai, sai ya fi yin sanyi. Ƙananan injunan nan da yawa haƙoran giyarsu na roba ne mai tauri, kuma zafi ne babban abokin gabarsu. Duk wanda ya san ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'aunin zafi kan wuce 40, zai gane darajar wannan. A ganina mai ɗaukar kaya ko mai hawa tudu ya fi dacewa da ƙaramar taya.

Mai son gudu yana da mafita biyu. Mafi kyau ita ce ya sayi injin da aka naɗa wayarsa domin ƙaramar taya tun farko, mai juyi 300 ko fiye a minti. Ɗayar ita ce ƙara ƙarfin batir daga volt 36 zuwa 48, wanda yake ƙara juyin da kashi ɗaya cikin uku, kusan daidai abin da aka rasa. Amma wannan sai idan akwatin da ke sarrafa wutar an yi shi ya ɗauki volt 48. In ba haka ba, ƙonewa zai yi.

Abin da ya fi damuna shi ne bakin fok, wurin da sandar tsakiyar taya take zama. A keken da muka sani, sandar nan riƙe taya kawai take yi. A keke mai inji, duk lokacin da injin ya murɗa taya gaba, sandar tana ƙoƙarin murɗawa baya da ƙarfi iri ɗaya. Shi ya sa aka fafe gefenta biyu ta zama mai faɗin milimita 10, don ta cije a cikin bakin fok. Idan ƙarfen wurin siriri ne, sannu a hankali bakin zai buɗe, sandar ta juya, ta tsinke wayoyin da suka fito ta cikinta. Idan a tayar gaba ne, tana iya ficewa ana cikin tafiya. Maganin wani ɗan ƙarfe ne mai kauri da ake zura wa sandar, a ɗaure ɗaya ƙarshensa a jikin fok, ya ɗauke wa bakin nauyin murɗawar. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma bai kamata a hau keken ba tare da shi ba. Fok na ƙarfe yakan lanƙwashe ya ba da alama kafin ya gaza. Na alminiyum karyewa yake yi farat ɗaya, don haka ba na ba kowa shawarar saka inji a gaban keke mai irin wannan fok.

Sai faɗin wurin. Injin gaba an fi yin sa domin tazarar milimita 100, na baya kuma 135. Kekuna masu naɗewa da yawa, irin su Brompton da wasu ƙirar Dahon, gabansu milimita 74 ne kacal. Akwai injunan da aka yi sirara domin su. Buɗe fok da ƙarfin tsiya don ya haɗiye babban inji neman karaya ne.

Ɗaurin sifok ma aikin gwani ne. Injin yana da faɗi, rim ɗin ƙarami ne, saboda haka sifok ɗin gajeru ne ƙwarai, kuma da wuya a same su a shago sai an yanka an yi musu zare. Ba a gitta su sau uku kamar yadda aka saba. Gittawa ɗaya ake yi, ko a miƙe su kai tsaye, domin idan suka shiga rim a karkace da yawa, a wuyansu za su riƙa karyewa. Injunan da yawa ramuka 36 gare su, to rim ɗin ma sai mai 36. A kuma duba lambar da ke jikin taya, don abin da ake kira inci 20 iri biyu ne, 406 da 451, kuma tayar ɗaya ba ta shiga rim ɗin ɗayan. Haka inci 16, akwai 305 akwai 349.

Bayan an gama, a shiga allon nuna gudu da ke kan keken a gyara girman taya. Idan aka bar shi a 26, zai riƙa nuna gudun da ya fi na gaskiya, ya kuma yanke wuta da wuri. A Turai doka ta tsayar da taimakon injin a kilomita 25 a awa da ƙarfin wat 250, kuma ga ƙaramar taya a kan hanyoyinmu wannan ma ya isa, domin tana faɗawa rami fiye da babba, tana kuma nutsewa a yashi. Birkin da aka yi domin keken yaro ba zai tsayar da babban mutum da batir da kaya ba, sai an sake shi.

Mai karatu, kafin ka biya kuɗin inji, auna faɗin fok ɗinka, ƙirga ramukan rim, tambayi mai sayarwa juyi nawa injin yake yi a minti. Idan ya kasa gaya maka, nemi wani shagon.