Uwar da ta yi wata 53 a kan ƙwanta

A shekarar 2007 wasu masu binciken teku na cibiyar MBARI da ke Kalifoniya a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Bruce Robison, suka zura na'ura mai kyamara cikin kwazazzabon Monterey da ke ƙarƙashin teku. A zurfin mita 1,397, inda rana ba ta leƙawa, sanyin ruwan kuma ya kai wajen digiri 3, suka hangi wata macen oktofas tana jan jiki zuwa wani dutse. Masu zuwa gidajen kallon ƙwallo a Gwammaja sun san irin wannan dabba mai hannu takwas. Danginta ne Paul, wanda ya yi ta canko sakamakon wasannin Jamus a gasar kofin duniya ta 2010, ya mutu a shekarar yana da shekara biyu da 'yan watanni.

Bayan kwana 38, cikin watan Mayu, suka koma. Ga ta nan manne da dutsen, ta nasa ƙwai, ta lulluɓe su da hannuwanta. Da tabon da ke jikinta suka gane ita ce.

Irin waɗanda ke zaune a ruwa marar zurfi kan yi wata ɗaya zuwa uku suna kwanci, a wuce wurin. Wannan kuwa aka yi shekara tana nan, aka yi biyu, aka yi uku. Sau 18 masu binciken suna komawa, ko yaushe sai su tarar da ita inda suka bar ta, tana kaɗa wa ƙwan sabon ruwa don kada laka ta shaƙe su. Ƙaguwa da jatan lande, waɗanda su ne cimarta, suna gilmawa ta gabanta, iyaka ta ture su idan sun matso kusa da ƙwan. Har miƙa mata guntun ƙaguwa aka yi da hannun na'urar, ta ƙi kulawa. Ko sau ɗaya ba su ga ta ci wani abu ba.

Jikinta ne ya biya. Da farko launinta shunayya ne, fatarta da kauri. A hankali ta koɗe ta yi fari, ta rame, fata ta saki, idanu suka yi hazo. Su kuma ƙwan sai girma suke, har ana hango 'ya'yan a ciki. A watan Satumban 2011 aka yi mata ganin ƙarshe. Da aka dawo a Oktoba babu ita, sai yagaggun ɓawon ƙwai wajen 160. Rahoton da ya fito a 2014 ya ce ba a taɓa samun dabbar da ta kai ta daɗewa a kan ƙwai ba.

A ganina kuskure ne a tsaya kan tausayinta kawai, don akwai lissafi a ciki. Abin da dabba ta ci kashi biyu yake tafiya: gina jiki da haihuwa. Oktofas da ɗan uwansa sikwid ba sa raba hankalinsu. Suna fara rayuwa da ci da girma cikin gaggawa, yawancin sikwid ma a shekara ɗaya suke gamawa, sannan su juye abin da suka tara gaba ɗaya a kan haihuwa. A tekun nan na Monterey an ɗauki hoton wani sikwid mai suna Gonatus onyx, macen na yawo rungume da ƙwai 2,000 zuwa 3,000, ba ta ci, namanta na narkewa. Ribar dogon jira a cikin sanyi ita ce 'ya'yan su fito da girmansu, a shirye su yi farauta.

Ƙin cin ma ba ganin dama ba ne. A 1977 Jerome Wodinsky na Jami'ar Brandeis ya cire wa wasu matan oktofas masu kwanci wasu ƙananan ƙulli biyu da ke tsakanin idanunsu. Sai suka watsar da ƙwan, suka koma cin abinci, suka yi ƙiba, suka ƙara watanni a duniya.

Ba sai an je Amurka ba ma. Karfasar da ake kamowa a madatsar Tiga, a soya a bakin titi da yamma, macenta a baki take riƙe ƙwai da 'ya'ya har wajen mako biyu, kusan ba ta cin komai. Wannan na cikin abin da ya sa namiji yake fin ta girma. Idan kuma aka haɗa su a tafki ɗaya, tun suna ƙanana suke fara haihuwa, tafki ya cika da tsumburarru waɗanda ba su da daraja a kasuwa. Masu kiwon da suka san kan sana'ar, maza zalla suke zubawa.