Yadda A Ke Wanke Hatimin Roba

A zangon karatun da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu makarantu domin gwajin koyarwa, ni aka tura ni wata makarantar firamare a wani ƙauye ba nisa da Kafanchan. A can na yi wata ɓarna wadda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin kada wani cikin 'yan'uwana ɗalibai ya faɗa ramin da na faɗa.

Wata yarinya da ta gama aji shida ta kai takardar shaidarta wani ofis, aka dawo da ita, wai hatimin makaranta da ke jiki ba ya karantuwa. Gaskiyarsu ne kuwa, gama in ka duba ba abin da za ka gani sai baƙin da'ira kamar an ɗora gindin kofi. Ubanta ya riga ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya kuma bar aikin cittarsa yini guda. Hedimasta ya kira ni ya ce, "Malam, kai ne mai sabon ido, ga hatimin nan ka wanke mana shi." Na ce, "To, Baba." Da na je masauki sai na zuba kananzir a gwangwani, na jefa hatimin ciki, na kwanta ina murna da dabarata. Gari na wayewa na tarar robar ta kumbura kamar ƙosai, haruffa sun karkace, ta kuma ɓalle daga jikin itacen. Tilas aka sake sabo, yarinya kuwa ta ƙara mako guda tana jira.

Ni na kai aikin Kafanchan wurin wani dattijo mai sassaƙa hatimi. Ya juya robar a tafin hannunsa, ya shinshina, ya ce, "Ɗana, wa ya shayar da ita kananzir?" Na ce ni ne. Ya yi dariya ya ce, "Ai ruwa da sabulu sun isa." Yana aiki ina tambaya, da na dawo kwaleji kuma na bi littattafai, na ga maganarsa ta yi daidai da tasu.

Sai mu fara da sanin robar kanta. Asalinta ƙaron itace ne, irin wanda a ke shukawa a jihohin Edo da Delta. Ɗanyen ƙaron ba shi da amfani sosai, da zafi ya yi danƙo, da sanyi ya sandare. A shekarar 1839 wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya gano in aka dafa shi da farar wuta sai ya yi ƙarfi, ya riƙe siffar da aka ba shi. Daga nan ne aka sami hatimin roba a cikin shekarun 1860. Kafin wannan hatimi na ƙarfe ne ko na dutse, kamar waɗanda sarakunan ƙasar Hausa su ke bugawa a kan wasiƙunsu. To, amma duk da dafuwar nan roba ba ta rabu da halinta guda ba, watau tana shan mai. Kananzir, da fetur, da man inji, har da man shafawa irin su basilin, duk suna shiga jikinta su kumbura ta, ko ta bushe kuwa ba ta komawa daidai yadda ta ke. Rana kuma tana tsattsage ta, kamar yadda mu kan gani a jikin tsohuwar tayar keke.

Me ya ke kawo dattin? Hatimi tudu ne da kwari. Tudun shi ne haruffa, shi kaɗai ya kamata ya taɓa takarda. Tawadar ofis kuwa ruwa ce da launi da wani abu mai yauƙi, gilisarin, wanda a ke sawa don kada kushin tawada ya bushe da wuri. Saboda haka hatimin da aka buga aka ajiye ya kan daɗe da laima. Sai ƙurar alli ta sauka a kai, da zaren takarda, da ƙurar hunturu wadda ba wanda ya zauna ƙasar nan bai san ta ba, su haɗu su zama taɓo. Yau kaɗan gobe kaɗan, har kwarin ya cika ya yi daidai da tudu. Wurin da ya ke fara cikewa shi ne cikin a da e da o, da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ. A hatimin kwanan wata 3 ta koma 8. Wanda ya san abin da kuskuren rana guda ya kan jawo a takardar haihuwa ko rasit, ba zai ce wannan ƙaramin abu ne ba.

Mutanen da na ga sun fi kowa kula da wannan sha'ani ba akawuna ba ne, masu wani wasa ne da Turawan Ingila su ke kira da sunan akwatin wasiƙa. Mu da ke zaune a Gidan Waya ai ya kamata sunan ya burge mu. An fara shi a wani daji mai duwatsu da fadama a kudu maso yammacin Ingila, sunansa Dartmoor. A shekarar 1854 wani ja-gaban matafiya, James Perrott, ya ajiye kwalba a bakin tafkin Cranmere, wuri mai wuyar zuwa, domin duk wanda ya kai can ya saka katin sunansa. Daga baya sai matafiya suka riƙa barin katin wasiƙa mai adireshinsu, wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. Sunan ke nan. Aka sa littafi, aka sa hatimi. A 1976 akwatunan dajin goma sha biyar ne kawai, bayan haka suka kai dubbai. Wata mujallar Amurka mai suna Smithsonian ta ba da labarin a watan Afrilu na 1998, wasan ya haye teku.

Yadda a ke yinsa ba wuya. Mutum ya ɓoye ƙaramin akwati wanda ruwa ba ya shiga, a ciki akwai littafi da hatimi, yawanci wanda ya sassaƙa da hannunsa. Ya rubuta kwatance mai kama da kacici-kacici. Mai nema yana tafe da nasa hatimin, da nasa littafin, da kushin tawada. In ya sami akwatin sai ya buga hatimin akwati a littafinsa, ya buga nasa a littafin akwati, ya mai da kome yadda ya tarar. Ka ga hatimi guda hannuwa da yawa za su taɓa shi, wannan da jar tawada, wancan da shuɗiya, mai shi kuwa ba ya nan. In na farko ya mayar da shi da baƙar tawada a jiki, na biyu ya ɗora shi a kushinsa mai rawaya, ya ɓata masa kushin ke nan har abada. Don haka ladabin wasan shi ne ka goge hatimi kafin ka mayar. Halin hatimin makaranta ma haka ya ke: hedimasta ya buga, mataimaki ya buga, malamin aji ya buga, kowa yana tsammani wani ne zai wanke.

Ga yadda a ke yi. Da ka gama bugawa, kafin tawada ta bushe, sai ka sami tsohuwar takarda ka yi ta buga hatimin a kai har ya daina fitowa. Wannan kaɗai in an lizimce shi ya ɗauke rabin aikin. Sa'an nan ka jiƙa tsumma mai tsabta, ka matse, ka shimfiɗa, ka riƙa danna fuskar hatimin a kai. Dannawa na ce, ba gurzawa ba, gama gurza tana cinye gefen haruffa, tsumma mai gashi kuma ya kan bar zare a ciki. Ƙyallen tsohuwar singileti ya fi tawul.

In datti ya riga ya kafu, kamar na makarantar da na faɗa, sai a kawo ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba, da sabulun wanka mara ƙarfi, da tsohon buroshin haƙori mai laushi. A riƙe hatimin fuskarsa na kallon ƙasa don kada ruwa ya gangara cikin itace, a goga a hankali, a ɗauraye fuskar kaɗai. Kada a jiƙa shi a kwano, ko da cikin ruwan zalla ne, domin itace ya kan kumbura, gam kuma ya saki. Abin da ya maƙale a cikin harafi a fitar da shi da tsinken sakace ko ƙaya mara kaifi. Allura da reza ba nasu ba ne. Na ga hatimin da aka yanke wa ƙugiyar ƙ wajen sakace, "ƙaramar" ta koma "karamar". Daga nan a tsane shi da busasshen ƙyalle, a bar shi a inuwa. Kada a shanya a rana ko a kusa da murhu don sauri.

Akwai abu guda da ya ke ruɗin mutane, shi ne ya ruɗe ni. Rini dabam, datti dabam. Robar da ta sha tawada ta kan rine, ba kuwa za ta koma fara ba ko an kwana ana wanki. Wannan ba laifi ba ne. Gwajin shi ne ka danna hatimin a farar takarda ba tare da tawada ba. In bai bar alama ba, ya wanku. Neman fari fat shi ke kai mutum ga kananzir da bilic da ruwan goge jan farce, su ne kuwa masu kashe hatimi. Sifirit ma yana busar da roba. In an yi amfani da tawada mai wuyar fita, wadda ruwa ba ya narkar da ita, a ɗiga sifirit kaɗan a auduga a taɓa, a bi da ruwa nan da nan, kada kuma ya zama na kullum.

Ba dukan hatimai ne iri ɗaya ba. Na zamani masu fuska garau kamar gilashi, waɗanda a ke yi da inji daga zanen kwamfuta, ruwa da sabulu ne nasu, sifirit ya kan sa su yi danƙo ko su tsage. Akwai kuma masu tawada a cikin jikinsu, waɗanda ba a bukatar kushi. Waɗannan ba a wanke su da ruwa sam. In ƙura ta hau, sai a manna salatif a fuskar a ɗaga, ya kwashe. Kowane hatimi kuma da tawadarsa: wadda a ke sa wa injin lamba na ƙarfe mai ce, in ka zuba ta a kushin hatimin roba, ka yi abin da na yi da kananzir, sai dai a hankali.

Kushin ma yana son kulawa, gama banza ne ka wanke hatimi ka mayar da shi cikin taɓo. A rufe shi kullum, a kankare zaren da ya taru a kai da gefen kati, a ɗiga tawada kaɗan a bar ta ta shiga kafin a buga.

Kafin in bar ƙauyen na gwada wasan da 'yan aji biyar, don in koya musu gabas da yamma da ƙidayar taku. Kowane rukuni ya sassaƙa hatiminsa a jikin robar goge fensir, wadda yara ke kira kilina. Sun sha wuya kafin su gane sai an rubuta harafi a juye ya ke fitowa daidai, har wani ya sassaƙa sunansa ya fito daga dama zuwa hagu, 'yan ajin suka ce ya iya ajami. Wasu suka zana citta, wasu Dutsen Kagoro, wasu ruwan Matsirga, wasu kuma kan jirgin ƙasa, tun da ya ke Kafanchan da jirgi ta girma, daga 1927 da hanyar dogo ta gabas ta haɗu da ta Kaduna da ta Jos a nan. Muka ɓoye akwatuna huɗu cikin filin makaranta.

A nan na koyi sauran darasin, watau ajiya. Masu wasan a Ingila ruwa ne abokin gābarsu. Mu kuwa ga damina, ga ƙura, ga gara. Akwatin da muka sa a gindin mangwaro, gwangwani ne mai sakakken murfi, cikin mako biyu gara ta shiga ta cinye littafin. A wani akwatin na roba yara suka saka kilinarsu tsirara, da zafi ya yi sai ta manne da jikin akwatin ta narkar da wurin, kamar yadda ta kan yi wa rula a cikin akwatin lissafi. Na uku an mayar da shi da laima, ya yi funfuna. Na huɗu kaɗai ya tsira, shi ne wanda wata yarinya ta wanke, ta bari ya bushe, ta naɗe shi a ƙyallen atamfa kafin ta rufe. Tun daga ranar muka naɗa ta mai kula da hatimai, hedimasta kuma ya sa aka ɗinka wa sabon hatimin makaranta 'yar jaka irin tata, aka rataye wani tsohon buroshi a ƙusa a bayan teburinsa, ya ce kowace Jumma'a malamin da ke kan aiki shi ne zai wanke.