Injiniyan Saiti: Mai Riƙon Amanar Manhaja

A kamfanonin fasaha akwai masu rubuta manhaja, akwai kuma mai kula da yadda za ta yi aiki bayan an ɗora ta a kan sabar. Shi wannan na biyu, wanda ake kira injiniyan DevOps, abin da ke hannunsa saiti ne: adireshin rumbun bayanai, kalmomin sirri, yawan mutanen da za a karɓa a lokaci guda, da makunnan da ke buɗe sabon fasali ko su rufe shi.

Dabarar irin ta tela ce: ya ɗinka wando sau ɗaya, ya zura mazagi, mai sawa ya ɗaure daidai ƙugunsa. Manhajar da ake gwadawa a ofis ita ce dai ke yi wa miliyoyin jama'a hidima, saitin da take karantowa daga waje ne kawai ya bambanta. Tun a 1979 tsarin Unix ya samar da hanyar miƙa wa manhaja saiti daga waje. A 2011 kuma Adam Wiggins na kamfanin Heroku ya sanya hakan cikin ƙa'idoji goma sha biyu na gina manhaja: kada a cusa saiti a cikin rubutunta. Yau da yawa suna ajiye saitin a tsarin Kubernetes, su kulle kalmomin sirri a ma'ajiya irin Vault.

Sauƙin canza saiti shi ne kuma haɗarinsa. Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya kunna wani makunni bayan ya sabunta sabar bakwai cikin takwas. A ta takwas ɗin, makunnin ya tayar da wani tsohon tsari da aka daɗe da jinginewa, ya shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 aka tafka asarar kusan dala miliyan 440.

Shi ya sa ƙwararre a wannan sana'a ba ya gaggawa. Kowane canji sai ya rubuta shi, abokin aiki ya duba, a gwada a kan mutane kaɗan, a kuma tanadi hanyar komawa baya kafin a saki ga kowa. Matashin da ke sha'awar sana'ar zai iya koyon Linux da sauran kayan aiki cikin watanni, amma natsuwa da riƙon amana su ne za su sa a damƙa masa makullan kamfani.