Amurka: Yadda ake zaɓe a jihar Oregon, inda ƙuri'a ke iske mutum har gida

A jihar Oregon da ke arewa maso yammacin Amurka, ba a kafa rumfunan zaɓe a unguwanni, ba a dogon layi, ba a dangwala yatsa cikin tawada. Tun 1998 ne al'ummar jihar suka amince a riƙa aika wa kowa takardar ƙuri'arsa ta gidan waya, kuma a 2000 aka yi zaɓen shugaban ƙasa na farko da wannan tsari. Jihar Washinton ta bi sahu a 2011, Kolorado a 2013, daga baya wasu kamar Kalifoniya suka shigo.

Matakin farko shi ne rajista. Dole mutum ya kasance ɗan ƙasar Amurka mazaunin jihar. Mai shekara 16 yana iya yin rajista, amma ba a aika masa ƙuri'a sai ya cika 18. Ana yi ta intanet ko a takarda, kuma ana rufewa kwana 21 kafin zaɓe. Tun 2016, wanda ya je neman lasisin tuƙi da shaidar zama ɗan ƙasa, ana sa sunansa a kundin zaɓe kai tsaye, sai in ya ce ba ya so.

Kimanin mako biyu zuwa uku kafin ranar zaɓe, ofishin zaɓe na kowace gunduma, cikin gundumomi 36 na jihar, yana aika ambulan zuwa adireshin duk mai rajista. Mutum ya zauna a gida ya cike, ya rufe, ya sa hannu a bayan ambulan. Daga nan ko ya mayar ta gidan waya ba tare da biyan kuɗin kan sarki ba, ko ya jefa a ɗaya daga akwatunan hukuma kafin ƙarfe 8 na daren ranar zaɓe.

To, me ke hana maguɗi tunda ba a ga fuskar mai zaɓe ba? Sa hannu. Ma'aikata suna kwatanta sa hannun da ke kan ambulan da wanda ke cikin kundin rajista kafin a buɗe. In ba su yi daidai ba, a ajiye ƙuri'ar, a sanar da mai ita ya zo ya gyara cikin wa'adi. Sa hannu a madadin wani babban laifi ne, hukuncinsa yana iya kai ɗaurin shekara 5.

Tsarin yana da rauninsa. Wanda ya ƙaura bai sabunta adireshi ba, ƙuri'arsa ba za ta same shi ba. A 2024 hukumomin jihar sun amsa cewa an yi wa mutane fiye da 1,200 rajista bisa kuskure ba tare da shaidar zama ɗan ƙasa ba, aka cire sunayensu. Shugaba Donald Trump ya daɗe yana sukar zaɓe ta gidan waya, yayin da masu goyon baya ke cewa yana sauƙaƙa wa tsofaffi, naƙasassu da mazauna karkara.

Akwai abin lura ga ƴan Nijar mazauna Amurka: takardar izinin zama ta dindindin ba ta ba mutum damar zaɓe. Ko da ambulan ta zo masa bisa kuskure, in ya cike ya mayar, yana iya rasa damar zama ɗan ƙasa, har ma a kore shi.