Tukwici Ko Cin Hanci? Abin Da Kotun Ƙolin Amurka Ta Faɗa Da Abin Da Ba Ta Faɗa Ba

Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta rufe zamanta na 2023 zuwa 2024 nake jin magana guda tana yawo a majalisu da shafukan sada zumunta: wai kotun ta halasta cin hanci. Masu yaɗa ta kuwa har da waɗanda ke tinƙaho da karatu.

Ga yadda abin yake. James Snyder tsohon magajin garin Portage ne a jihar Indiyana. Garinsa ya sayi motocin kwashe shara na sama da dala miliyan ɗaya daga wani kamfani, bayan nan kamfanin ya miƙa masa dala 13,000. Ran 26 ga Yuni 2024, alƙalai 6 cikin 9 suka ce dokar tarayyar da aka gurfanar da shi a kanta ta haramta kuɗin da aka yi alkawarinsa kafin aiki, amma ba ta taɓo tukwicin da ya biyo bayan aiki ba. Ni dai wannan bambanci bai kwanta mini ba, domin mun san yadda goro ke buɗe ƙofar gobe. Sai dai kotu fassara doka ta yi, ba ta ce tsarin mulki ya ba jami'i 'yancin karɓa ba.

A nan gizo ke saƙa. Hukuncin wannan kotu iri biyu ne. Wanda ya tsaya a kan tsarin mulki, kamar na 1 ga Yuli da ya ba Donald Trump kariya kan ayyukan da ya yi da sunan ofis, sai kotun ta janye shi da kanta, ko a gyara kundin da amincewar jihohi 38 cikin 50, abin da rabon a yi tun 1992. (Kada a haɗa kariyar Trump da ta sashe na 308 na kundin Najeriya, tamu tana ƙarewa ranar da mutum ya sauka daga kujera.) Wanda kuwa ya tsaya a kan fassarar doka, majalisa na iya warware shi da sabuwar doka. Na Snyder irin wannan ne. Haka na 14 ga Yuni, wanda ya soke haramcin na'urar da ke sa bindiga ɓarin harsashi, irin wadda maharin Las Vegas ya yi amfani da ita a 2017.

Majalisa ta taɓa warware irin wannan hukunci, kuma labarin ya cancanci a tuna shi. Lilly Ledbetter ta kama aiki a masana'antar tayar Goodyear da ke Gadsden, jihar Alabama, a 1979. Sai dab da ritayarta wani ya jefa mata 'yar takarda ba suna, ɗauke da albashin maza takwarorinta. Nan ta gane shekara kusan ashirin ana zaluntar ta. Ta kai ƙara, ta yi nasara a kotun farko, amma a 2007 Kotun Ƙoli, da rinjayen 5 da 4, ta ce ta makara: doka ta ba da kwana 180 ne kacal daga ranar da aka yanke albashin. To, ta yaya mutum zai yi ƙara kan cutar da aka ɓoye masa? Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ta karanta ƙin amincewarta a bainar jama'a, ta kuma nuna wa majalisa cewa gyaran na hannunta. Ledbetter ba ta koma gida ta naɗe hannu ba. Ta yi ta sintiri zuwa Washington tana ba da shaida gaban 'yan majalisa, har ran 29 ga Janairu 2009 Barack Obama ya sa hannu kan dokar da ke ɗauke da sunanta, ita ce ta farko da ya rattaba wa hannu. Yanzu kowane albashin da aka biya da zalunci yana sabunta kwanakin 180. Ita kanta ko sisi ba ta samu daga ƙararta ba.

Shi ya sa nake gajiya da 'yan majalisar Amurka masu fitowa gidan talabijin suna kuka da alƙalai kan Snyder, alhali alƙalamin gyaran na aljihunsu. Idan da gaske tukwici ya dame su, su rubuta kalmar cikin doka mana! Mu ma 'yan jarida da ke juya waɗannan labarai zuwa Hausa, a daina cewa "kotu ta amince" ko "kotu ta haramta" a tsaya nan. A faɗa wa mai karatu ko kundi aka fassara ko doka, a kuma faɗa masa wanda ke da ikon gyarawa.