Noman Tumatir A Cikin Gida: Zaɓen Iri Mai Yawan 'Ya'ya Da Yadda Ake Kula Da Shi

Duk mai yin cefane ya san halin tumatir. Daga watan Janairu zuwa Maris yakan cika kasuwa har a rasa mai saye, amma da bazara ta kama zuwa tsakiyar damina sai ya yi tsadar da uwargida za ta koma wa kauɗa ko na gwangwani. Wannan ya sa magidanta da ɗalibai da yawa suke son shuka shi a bayan ɗaki. Sai dai wani yakan sayi iri mai suna, ganye ya yi kore shar, fure ya fito ya zube, a tashi babu ko na miya ɗaya. Dalili shi ne, iri mai kyau ba ya bayar da abin da ke cikinsa sai an dace da lokacinsa, an kuma ba shi haƙƙinsa na ruwa da taki.

Wane iri, a wane lokaci?

Tumatir ba ya son zafi mai tsanani. Ya fi jin daɗi idan ma'aunin zafi yana tsakanin 20 da 27. Idan rana ta wuce 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin da ke cikin fure yakan lalace, sai furen ya faɗi ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Shi ya sa a ƙasashenmu, daga Yamai da Maraɗi da Damagaram har zuwa Kano, lokacin da ya fi dacewa a zuba iri shi ne Oktoba zuwa Nuwamba, domin fure ya zo cikin sanyin hunturu.

Ga mai farawa, iri biyu ne suka fi sauƙi a wannan lokaci: Roma VF da UC82B. Dukansu daga Amurka suka fito, gajeru ne, suna ƙulla 'ya'ya da yawa kusan lokaci guda, kuma 'ya'yan suna da tauri da tsoka, ba sa saurin ruɓewa. Haruffan V da F da ke jikin sunan Roma suna nuna cewa yana jure wasu cututtuka biyu na cikin ƙasa da ke sa tsiro ya yanƙwane. Wanda kuma yake son ya shuka da damina, sai ya nemi irin da aka tanada domin zafi da laima, kamar Mongal F1, ko Icrixina wanda cibiyar ICRISAT ta yaɗa a Nijar.

A lura da alamar F1 a jikin takarda. Tana nufin iri ne da aka haɗa daga iyaye biyu. Yana bayar da amfani sosai, amma idan ka ciri ƙwaya daga 'ya'yansa ka sake shukawa, abin da zai fito ba zai yi kama da na farko ba. Roma VF da UC82B kuwa ana iya ajiye ƙwayarsu daga 'ya'ya masu lafiya a shuka baɗi.

Reno da dashe

Giram ɗaya na iri yana ɗauke da ƙwaya kusan 300, saboda haka ƙaramar takarda ta ishi gida. A haɗa ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen taki a tsohon kwano ko kwando mai huji a ƙasa, a zuba ƙwayar a layi, zurfin bai wuce santimita 1 ba. A rufe da busasshiyar ciyawa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, a kuma ɗauke ciyawar da zarar tsiro ya leƙo. Bayan kwana 25 zuwa 30, idan ya yi ganye 4 ko 5, ya isa dashe.

A yi dashe da yamma, a wurin da rana ke samu aƙalla awa 6 a yini. A bar santimita 40 zuwa 50 tsakanin tsiro da tsiro, da kamar 70 tsakanin layi da layi. Cunkoso ba ya ƙara amfani, sai dai ya ƙara cuta. Wanda gidansa daɓe ne, buhun shinkafa ko bokiti mai cin lita 20 ya isa tsiro ɗaya, matuƙar an huda ƙasansa. Kada a dasa a inda aka cire barkono, attarugu, gauta ko dankalin Turawa, domin dangi ɗaya ne da tumatir, cutarsu ma ɗaya ce. A kuma katange wurin, saboda akuya da kaji ba su san wahalar mai lambu ba.

Ruwa da taki

A nan ne amfani yake ƙaruwa ko ya ragu. Tumatir yana son ruwa daidai kuma a kan lokaci. Idan aka bar shi ya sha ƙishi kwana biyu sannan aka malala masa ruwa, 'ya'yan sukan tsage, ko gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Mutane kan zaci cuta ce su sayi magani, alhali rashin daidaiton ban ruwa ne ya hana sinadarin kalsiyam isa ga ɗan. A zuba ruwa a gindi, ba a kan ganye ba, a kuma shimfiɗa ciyawa ko ƙaiƙayi domin ƙasa ta riƙe danshi.

Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai wanda ya ruɓe. Idan akwai takin zamani NPK 15-15-15, cikin murfin kwalba ɗaya ya ishi tsiro guda mako biyu bayan dashe, a binne shi ɗan nesa da gindi, a maimaita idan fure ya fara. Yawan takin yuriya ganye yake yi, ba 'ya'ya ba. Da nauyi ya fara, a kafa sanda a ɗaure tsiron da tsumma, kada 'ya'ya su kwanta a ƙasa.

Ƙwari

Biyu ne suka fi ɓarna. Na farko farin ƙuda ƙarami da ke ɓuya a bayan ganye, shi ke yaɗa cutar da ke nannaɗe ganye ta tsumburar da tsiro. Ba ta da magani, don haka a tuge wanda ya kamu da wuri. Na biyu tsutsar Tuta absoluta mai cin cikin ganye da huda 'ya'ya, wadda a shekarar 2016 ta cinye gonakin Kano da Kaduna. A gida, duba ganye kowace safiya da tsinke wanda ya kamu a ƙona shi yana rage ta ƙwarai. Jiƙon dakakkun 'ya'yan darbejiya da ya kwana, a tace a fesa da yamma mako-mako, shi ma yana taimakawa. Wanda ya yi amfani da maganin kanti, ya kiyaye kwanakin jira da aka rubuta kafin a tsinka, domin 'ya'yansa ne za su ci.

Bayan kwana 70 zuwa 80 da dashe za a fara tsinka. Abin da ya fi ƙarfin tukunya a yanka a shanya a wuri mai tsabta, a ajiye kauɗa domin watannin tsada. Mai farawa ya soma da tsiro 10 ya kula da su sosai, baɗi ya ƙara. Allah Ya sa albarka.