Ladabin shiga motar haya da kare



Ranar Lahadi, ranar kasuwar Baleyara, motoci na cika da mutane, da buhunan hatsi da wake, da awaki da kaji. Wani lokaci sai ka ga mutum ya zo tasha riƙe da kare. Wani ya samo kwikwiyo don gadin garke, wani mafarauci ne, wani kuma ƙaura zai yi zuwa Filinge ko Yamai. Malamai sun ce ya halatta a ajiye kare don tsaron gona, ko dabbobi, ko farauta. Amma mota ta jama'a ce. Wanda ya shigo da kare ya ɗauki amanar duk wanda ke ciki, tun daga tashi har sauka.

Me ya sa ake tsoro?

Babban dalili shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin miyaun karen da ya kamu. Tana shiga jikin mutum ta cizo, ko yakushi, ko in ya lashi wani rauni. Yawanci takan yi wata 2 zuwa 3 a ɓoye kafin ta bayyana. In ta bayyana kuwa, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare suke samun ta. Yara suna da yawa a cikinsu. Maganin kariya ya daɗe: tun 1885 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura, yaron ya tsira.

Kafin ranar tafiya

Na farko, allurar rigakafi. Kai karenka wurin ma'aikatan kiwo a yi masa, aƙalla sati 3 kafin tafiya, don ta kama jiki. Ana fara yi wa kwikwiyo in ya kai wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya ce. Ka adana takardar, ka tafi da ita.

Na biyu, duba lafiyarsa. Karen da halinsa ya sake, yana dalala, yana cizon itace ko igiya, ko ya kasa haɗiyar ruwa, kada ya kusanci mota. A tsare shi, a kira likitan dabbobi.

Na uku, cire masa kaska da ƙuma. Kada ka cika masa ciki da safe, don girgizar hanya na sa shi amai. Ruwa dai ka ba shi.

A tasha

Tambayi direba ko ɗan kamasho tun ba a fara lodi ba. Ku yi ciniki a fili, ka biya kuɗin wurin da karen zai ci. Kada ka ɓoye kwikwiyo cikin buhu ko ƙarƙashin riga. Karen mota, wato yaron direba, shi ya san inda kowane kaya zai zauna. Bi shawararsa kan mai ƙafa huɗun. In direba ya ce bai ɗauka, ba abin faɗa ba ne. Jira wata mota, ko ka bi amalanke in wurin ba nisa.

Gaida mutanen da za ku zauna tare, ka shaida masu. In dattijo ya nuna bai so, ka ce: "Baba, yi haƙuri, bari in koma baya da shi." Maganar kirki ba ta rage maka komi.

Cikin mota

Kwikwiyo a sa shi cikin kwando ko akwati mai ƙofofin iska. Babban kare a sa masa igiya gajera da takunkumi. Baduku na iya ɗinka takunkumin fata. Amma a lura: kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake huce zafi. Saboda haka takunkumin ya bar masa wurin buɗe baki kaɗan. In aka ɗaure bakin tam lokacin bazara, zafi na iya kashe shi tun ba a kai ba.

Kada a yi masa zarge a wuya, kada a ɗaure shi saman mota cikin rana. In ya zame, ya shaƙe.

Wurinsa baya ne, kusa da ƙafafun mai shi. A nisanta shi da yara, da mata masu goyo, da akurkin kaji da awakin mutane, da kayan abinci. A nisanta shi kuma da buta da tabarmar salla. Kun san an yi umurni a wanke ƙwaryar da kare ya sha a ciki sau 7. Don haka tafi da kwanonsa daban, kada ka ari na kowa.

Ku kuma fasinjoji, ku hana yara tsokanarsa ko miƙa masa abinci. Karen da ke lafiya lau a gida, baƙin mutane da ƙarar mota na iya firgita shi ya kai cizo.

Duk inda aka tsaya, sauko da shi a igiya, ka kai shi gefe nesa da masu tuwo da masu nama, ya sha ruwa, ya yi bukatarsa. In ya ɓata mota, kai za ka wanke, ba yaron mota ba.

In ya ciji wani fa?

Direba ya tsaya nan take. A wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ana kwarara ruwan. Kada a zuba toka, ko barkono, ko ƙasa, kada a ɗaure ciwon tam. A kai mutumin gidan likita mafi kusa a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a ce sai an ga halin karen.

Mai kare kada ya gudu. Ya faɗi sunansa da garinsu, ya nuna takardar allura, ya taimaka da kuɗin magani. Karen kuma a tsare shi a hannun likitan dabbobi ko bisa umurninsa, aƙalla kwana 10, don a gane ko yana da cutar.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan takarda, musamman mafarauta da masu garke. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 allura a gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare a duniya, amma kada ku jira ta. Ku tambayi ma'aikatan kiwo na kusa da ku tun yanzu.

Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya, amin.